Gerard Krefft da gidan adana halittu na Sydney: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Gerard Krefft?

Bajamushe ne, haifaffen Braunschweig a watan Fabrairun 1830, wanda ya shugabanci Australian Museum da ke Sydney, gidan adana halittu mafi daɗewa a Ostireliya, a lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Ya shiga gidan a 1860 a matsayin mataimaki. Da maigidansa Simon Pittard ya rasu a 1861 sai ya riƙe kujerar na wucin gadi, aka tabbatar masa da ita a 1864, aka kuma fitar da shi da ƙarfin tsiya a 1874. Ya mutu a Fabrairun 1881 yana da shekara 51, bashi ya yi masa katutu. Masana sun fi tuna shi da wani kifi mai huhu da ya sanar wa duniya a 1870, da kuma littafinsa kan macizan Ostireliya na 1869.

A wace jami'a ya karanci ilimin dabbobi?

Bai shiga jami'a ba. Akawun ɗan kasuwa ne tun yana saurayi. Ya tafi New York a 1850, inda yake kwaikwayon zanen tsuntsaye yana sayarwa, sannan ya bi ayarin masu neman zinariya zuwa yankin Victoria na Ostireliya a 1852. Hannunsa na zane shi ya buɗe masa ƙofa: William Blandowski, wani Bajamushen da ke aiki da gidan adana halittu na Melbourne, ya ɗauke shi cikin tawagar da ta tafi mahaɗar kogin Murray da na Darling daga ƙarshen 1856 zuwa 1857. A can ya koyi fiɗa, da jima, da ajiye rajista, ya kuma yi ɗaruruwan zane. Kafin kyamara ta wadatu, wanda ya iya zana dabba daidai kafin launinta ya gushe ya fi mai takardar shaida amfani a daji.

Shi da kansa yake kamo dabbobin?

Kaɗan daga ciki. Akasarin abin da tawagar ta tara, 'yan asalin ƙasar ne suka kawo, musamman mutanen Nyeri Nyeri da ke zaune kusa da zangon tawagar a yankin Mildura na yau. Su suka san ramin kowace dabba da lokacin fitarta, ana biyan su da gari, shayi, sukari da tufafi. A katin bayani kuwa sunan Bature ne yake fitowa.

Akwai wani abu da ya faru a nan da ke nuna yadda kuskure ɗaya ke haifar da wani. Krefft yana neman wata ƙaramar dabba mai jakar goyo, mai ƙafafun gaba kamar kofaton alade, wadda masana suka sa wa suna Chaeropus ecaudatus a 1838. Kalmar ta biyu ma'anarta "marar wutsiya", domin wadda aka fara kamawa ta riga ta rasa wutsiyarta, aka zana ta a haka. Krefft ya nuna wa maharba wannan zane. Su kuwa suka ga abin da Bature ke so ke nan, sai suka riƙa kamo wata dabbar gama-gari mai kama da ita suna murɗe mata wutsiya suna kawo masa. Da ta gaskiyar ta zo hannu, sai ga ta da doguwar wutsiya. Ya samu 'yan ƙalilan, kuma da bakinsa ya amsa cewa yunwa ta sa ya cinye wasu. Dabbar ta ƙare a doron ƙasa yanzu, saura fatu da ƙasusuwa a akwatunan gidajen adana halittu.

Mene ne aikin shugaban irin wannan gida a kullum?

Mutane suna zaton bincike ne. Gaskiyarta, yawancin lokacin yaƙi ne da ruɓa, da ƙwari, da ɓatan takarda. Duk abin da ya shigo sai an ba shi lamba a rajista tare da wurin da aka samo shi, da rana, da wanda ya kawo. Ana ɗaura lambar a jikin abin kansa, ba a jikin akwati ba, domin akwati yana sauyawa. Tsuntsun da katinsa ya faɗi ya koma ado kawai, ba ya tabbatar da komai.

Bayan wannan akwai duba kwalabe a ƙara musu sifirit, watau barasa mai ƙarfi da ke hana nama ruɓa, da zazzage fatu a nemi alamar asu, da sa ido kan masu fiɗa da masu harhaɗa ƙashi, da amsa wasiƙun manoma da suka aiko maciji suna tambaya ko yana da dafi. Krefft shi ne kuma sakataren kwamitin amintattu, watau shi ke rubuta bayanan taron mutanen da ke iko da shi. A cikin ginin yake kwana da iyalinsa, abin da ya zama muhimmi daga baya. A zamaninsa aka kammala sabon ɓangaren ginin da ke fuskantar titin College, wanda James Barnet ya tsara.

Yaya ake adana fatar tsuntsu ko ƙaramar dabba a wancan zamani?

Da farko ana toshe baki da hanci da auduga don kada jini ko ruwan ciki ya ɓata gashi. Ana auna tsawo, a rubuta launin ido da baki da ƙafa nan take, domin waɗannan suna dusashewa cikin awoyi. Sai a tsaga fata daga ƙirji zuwa gindin wutsiya, a riƙa zuba garin katako ko filasta yana tsotse maiƙo, a zare gangar jiki kamar yadda ake tuɓe safa. Ana barin ƙoƙon kai da ƙasusuwan fiffike da na ƙafa a jikin fatar, amma a ƙwaƙule ƙwaƙwalwa da idanu da duk wata tsoka. A buɗe cikin gawar a tabbatar namiji ne ko mace, domin launin gashi yana yaudara.

Daga nan a shafe cikin fatar da sabulun guba. Wani mai haɗa magani Bafaranshe, Jean-Baptiste Bécoeur, shi ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 18, kuma abin da ke cikinsa farin sabulu ne da gubar asinik kusan nauyi ɗaya, da kafur, da ɗan farar ƙasa da wani gishirin toka. Sai a cusa auduga daidai girman jikin da aka cire, a ɗinke, a kwantar da shi rigingine ya bushe a inuwa. Fatar babbar dabba kuwa gishiri da alif ake sa mata.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Kitsen da aka bari a fata yana narkewa sannu a hankali, ya fito ya rina gashi rawaya, ya ƙona fatar har ta riƙa marmashewa. Agwagi da tsuntsayen teku sun fi kawo wannan matsala. Idan aka cusa auduga fiye da kima fatar ta miƙe, ba ta komawa, sai ka ga dabba ta fi girmanta na gaskiya. Idan aka rufe akwati fatar ba ta gama bushewa ba, fumfuna ta cinye ta a cikin jirgin ruwa. Su kuma ma'aikatan, gubar tana shiga ƙarƙashin farce ta haifar da gyambo.

Kifi, maciji da kwaɗo fa?

Waɗannan a sifirit ake tsoma su. Fomalin, wani ruwan magani mai hana ruɓa, bai shigo wannan aiki ba sai 1893, bayan mutuwar Krefft. Ƙarfin sifirit da ake so shi ne wajen kashi 70 cikin 100. Idan ya fi haka da yawa, naman yana ƙanƙancewa ya yi tauri, idan ya gaza kuwa ya ruɓe. Abin da sabon hannu ke mantawa shi ne jikin kifi kansa ruwa ne, yana tsarma sifirit ɗin, don haka dole a zubar da na farko bayan 'yan kwanaki a sa sabo. Dole kuma a tsaga ciki kaɗan, in ba haka ba hanji zai ruɓe kafin sifirit ya ratsa fata. A daji, in babu na kirki, da barasar da aka samu ake aiki, kuma an sha samun ma'aikatan hanya sun huda ganga sun sha.

Ana rubuta kati da fensir ko tawada marar narkewa a jefa shi cikin kwalbar, ko a ɗaura ɗan ƙarfe mai lamba. Bakin kwalba ana rufe shi da mafitsarar dabba da fallen darma, a bi da fenti ko kakin zuma. Duk da haka sifirit yana tsiyayewa ta iska, shi ya sa zagayen duba kwalabe ba ya ƙarewa. Launi kuwa babu dabarar riƙe shi: koren maciji yakan koma shuɗi ko toka-toka.

Wane kifi ne ya ɗaukaka sunansa?

Wani ɗan siyasa mai kiwo, William Forster, ya daɗe yana ba Krefft labarin wani babban kifi a kogin Burnett na Queensland wanda Turawan yankin ke ci. A farkon 1870 aka aiko wa Forster kifin an fiɗe shi an sa masa gishiri, kamar dai abinci. Kayan ciki babu, to amma haƙora suna nan, kuma su Krefft ya duba. Ba jerin ƙananan haƙora ba ne, faranta ne masu faɗi da tudu-tudu kamar maficin da aka buɗe, na murƙushe katantanwa da ganye. Irin waɗannan haƙora wani masani, Louis Agassiz, ya riga ya bayyana su tun shekarun 1830 daga duwatsun Turai, ya kira mai su Ceratodus, kowa kuma ya ɗauka halittar ta shuɗe miliyoyin shekaru da suka wuce. Krefft ya gane su, ya sa wa kifin suna Ceratodus forsteri don girmama wanda ya kawo.

Bai dace a komai ba. Ya kira shi ƙaton ɗan dangin kwaɗi, alhali kifi ne. Albert Günther na British Museum, wanda ya samu cikakkun kifayen a sifirit, shi ya yi bayanin huhu da zuciya da sauran kayan ciki a 1871. Daga baya aka sauya sunan zuwa Neoceratodus forsteri. Yana kai kusan mita ɗaya da rabi, yana da manyan ɓawo da fikafikai masu tsoka kamar filafilin kwalekwale, kuma yana da tsawon rai: wani da aka kai gidan kifaye na Shedd a Chicago a 1933 bai mutu ba sai 2017.

Yana da dangantaka da gaiwa?

Ƙwarai kuwa. Gaiwar da ake tonowa a busasshiyar fadama da rani, a yankin tafkin Chadi da kogin Kwara da Binuwai, ita ce Protopterus annectens, kuma Richard Owen, masanin ƙirar jikin dabbobi na Landan, shi ne ya bayyana ta ga masanan Turai a 1839 daga wadda aka kai masa daga kogin Gambiya. Kifaye masu huhu a nahiyoyi uku kawai suka rage: Afirka, Kudancin Amurka da Ostireliya.

Sai dai halinsu ya bambanta. Gaiwa huhu biyu gare ta, fikafikanta siraran zare ne, kuma dole ta hau sama ta shaƙi iska, in an hana ta sai ta nutse. Idan ruwa ya janye takan shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar ƙaramar kafa ta numfashi, ta zauna watanni tana rayuwa da tsokar jikinta. Na Ostireliya huhu ɗaya gare shi, yawanci a cikin ruwa yake numfashi kamar sauran kifaye, sai ruwan ya gurɓace ko ya yi ƙaranci yake hawowa. Idan kogi ya ƙafe ƙaf, mutuwa yake yi.

Me ya sa ya sanar da shi a jarida maimakon mujallar masana?

Saboda ƙa'idar riga-kafi a suna. Tun dokokin da masanan Ingila suka tsara a 1842, wanda ya fara buga suna tare da bayani shi ke da sunan. Jirgin ruwa mai filafilai yakan yi wajen wata uku daga Sydney zuwa Landan, kuma wayar tangaraho ba ta haɗa Ostireliya da Turai ba sai 1872. Al'adar da aka saba ita ce ɗan mulkin mallaka ya tara, ya aika Landan, manyan can su raɗa suna su kwashi yabo. Krefft ya buga wasiƙarsa a Sydney Morning Herald a Janairun 1870, sannan cikakken bayanin ya fito a mujallar ƙungiyar masana dabbobi ta Landan a shekarar. Ya kuma yi amfani da hotunan da ma'aikacin gidan, Henry Barnes, ke ɗauka, yana aika hoto yana riƙe ainihin abin a Sydney.

Ƙa'idar tana da cizo. A 1873 ya sa wa kadan ruwan daɗi na arewacin Ostireliya suna don girmama wani mai suna Johnstone, amma aka buga johnsoni, babu harafin t. Ya nemi gyara daga baya, kuma har yau za ka ga rubutun iri biyu a littattafai.

Me ya haɗa shi gardama da Richard Owen?

Ƙasusuwan kogwannin Wellington a New South Wales. Tun 1830 ake tono su ana aika wa Ingila, kuma daga cikinsu Owen ya raɗa sunan Diprotodon a 1838, dabba mai jakar goyo da ta kai girman karkanda. Krefft ya yi tono a can a 1866 da 1869. Ƙashin kogo yana fitowa ne a cikin jar ƙasa mai tauri, wani kuma da ya sha iska sai ya fara tsattsagewa, don haka ana barinsa ya bushe a hankali, a shayar da shi ruwan gam ɗin da aka dafa daga fata, a naɗe kowane guntu daban da lambarsa. Haɗa guntayen dabbobi biyu a ɗauka ɗaya ce shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Gardamar a kan Thylacoleo ce, wata dabba mai jakar goyo da ta ƙare, wadda Owen ya bayyana a 1859 ya ce mafarauciya ce mai cin nama. Krefft ya dubi haƙoran gabanta da danginta masu cin ganye ya ce a'a, kuma William Flower na Landan ma haka ya gani. A nan Owen ne ya yi daidai: binciken baya ya nuna dogon haƙorin gefen nan almakashin yanka nama ne.

Gidan da ba shi da kuɗi sosai, yaya yake cika ɗakunansa?

Da musaya. Abin da yake arha a wurinka shi ne kuɗinka. Julius von Haast a Christchurch ta New Zealand ya samu tulin ƙasusuwan moa, wani ƙaton tsuntsu marar tashi da ya ƙare, daga fadamar Glenmark tun 1866, ya riƙa aika su Turai da Amurka ana maido masa da fatu da ƙwarangwal, har ya cika gidan adana halittu na Canterbury da aka buɗe a 1870. A Sydney, kifi mai huhu da dabbobi masu jakar goyo su ne hajar. Frederick McCoy, shugaban gidan adana halittu na Melbourne, ya fi karkata ga saye daga dillalan Landan. Haɗarin musaya shi ne a fitar da abin da aka kafa suna a kansa, domin duk mai shakkar sunan nan gaba wannan ɗayan zai nema ya duba.

To me ya kawo rikicinsa da amintattu?

Dokar 1853 ta ɗora gidan a hannun amintattu 24, rabinsu su ke zaɓen junansu idan gurbi ya samu. Da yawansu attajirai ne masu tara ƙwari, katantanwa ko tsuntsaye a gidajensu. Krefft ya zarge su da amfani da ma'aikata da kayan gidan jama'a don cika akwatunansu, kuma akwai abin dubawa a zargin: George Masters, mataimakinsa mai tara kaya, yana tara wa William Macleay, ɗaya daga cikin amintattun, daga baya ma ya koma aiki wurinsa gaba ɗaya a 1874. Shi kuma Krefft ba mai tauna magana ba ne, ga saurin fushi, ya ɓata da na sama ya ɓata da na ƙasa.

A Disambar 1873 aka sace zinariyar da ke baje a gidan. Sai 'yan sanda suka samu hotunan batsa a ɗakin aikin ma'aikata. Majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike a 1874, amintattu ma suka kafa nasu, suka jera masa laifuffuka, har da shan giya, da ƙara yawan maziyarta a rajista, da fasa wani ƙashi da gangan. Suka sallame shi. Ya ce gwamnati ce ta naɗa shi, ita kaɗai za ta iya cire shi. Wannan tambaya ta wa ke da ikon naɗi ita ce tun farko ta sa ya yi shekara uku yana riƙon ƙwarya.

Da gaske ne a kan kujera aka fitar da shi?

Gaskiya ne. Ya kulle kansa da iyalinsa a ɗakunan da yake zaune cikin ginin. A Satumbar 1874 ɗaya daga cikin amintattun, Edward Hill, ya zo da mutane, cikinsu har da 'yan dambe biyu, aka ɓalle ƙofa. Krefft ya ƙi tashi, sai suka ɗauke shi da kujerar suka dire a bakin titi. Ya kai Hill ƙara, kotu ta ba shi diyyar fam 250. A 1876 majalisa ta amince a biya shi fam 1,000, gwamnati ta gindaya sharaɗin sai ya janye sauran buƙatunsa, maganar ta yi ta jan ƙafa. Littattafansa da takardun bincikensa da dama sun maƙale a gidan, bai sake samun aiki irin wannan ba, kuma a 1880 aka ayyana shi wanda ya karye. Edward Ramsay, wanda ke da kyakkyawar alaƙa da Macleay, shi ya gaje shi.

Goyon bayan Darwin ne ya jawo masa?

Ya taimaka, amma a ganinmu ba shi ne tushe ba. Krefft yana cikin ƙalilan a Ostireliya da suka karɓi ra'ayin Charles Darwin a fili, watau cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali daga wani nau'i zuwa wani, yana musayar wasiƙu da shi, yana kuma rubuta shi a jaridar Sydney Mail, abin da bai yi wa da yawa cikin manyan garin daɗi ba. McCoy a Melbourne yana adawa da ra'ayin, ya kuma zauna a kujerarsa har mutuwarsa a 1899, sai dai shi ya san yadda ake tafiya da masu iko. Laifuffukan da aka rubuta wa Krefft babu Darwin a ciki. Wa ke da kayan, wa ke da ma'aikatan, wa ke ba wa umarni: a nan wutar ta kama.

Kayan da ya tara suna nan? Ana iya taɓa su?

Da yawa suna nan a Sydney, tare da gilasan hotunan da Barnes ya ɗauka. Kayan al'adun 'yan asalin ƙasa da gidan ya tara kuwa, akasarinsu sun ƙone a gobarar Satumbar 1882 ta Garden Palace, wani babban gini a Sydney inda aka kai su baje koli. Sunansa ya rage a jikin wasu dabbobi, har da wani nau'in wombat, dabba mai jakar goyo da ke haƙa rami, da Owen ya kira krefftii a 1873.

Game da taɓawa, duk fatar da aka jeme a ƙarni na 19 a ɗauka tana da asinik har sai gwaji ya nuna babu. Gubar ba ta lalacewa da shekaru, takan ma fito a matsayin farin gari a gefen ido, gindin gashi da wurin ɗinki. Ana sa safar hannu da takunkumi, ba a kaɗe ƙurar da buroshi a buɗaɗɗen ɗaki, ba a ci ko sha a wurin, kuma ba a miƙa wa yara 'yan makaranta irin waɗannan su shafa.